Ku daina ɗaure karen gadi a na'urorin da kuke kai wa Batsari da Safana

1/ Wannan zaren naku ne, injiniyoyinmu matasa da 'yan kwangila masu kafa kaya a ƙauyuka: kyamarar tsaro, rauta, na'urar lura da famfon sola. Duk wanda ya kai kwamfuta Batsari ko Safana alhali ya kashe mata karen gadi, tarko ya ɗana wa mutane. Ku biyo ni a hankali.

2/ Mene ne karen gadi? Cikin allon yawancin ƙananan kwamfutoci akwai ɗan agogo mai ƙirge baya-baya, shi ne watchdog. Dole manhaja ta riƙa ciyar da shi, wato ta taɓa shi kafin ƙirgen ya kai sifili. In ta daskare ba ta taɓa ba, sai ya kashe na'urar ya sake tayar da ita. Ba ya jin roƙo.

3/ A birnin Katsina in na'ura ta daskare, yaro za ka aika ya zare waya ya mayar, shi ke nan. To a Ruma fa? A Wagini ko Runka, gefen dajin Rugu? Wa zai hau babur ya bi hanyar da ba kullum take biyuwa ba don kawai ya danna maɓalli ɗaya? Ran mutum za ka sa a gaba saboda kasalarka?

4/ Wani zai ce ai ta intanet zan shiga in gyara. Malam, kwamfutar da ta daskare ba ta amsa sallama. Sannan ka manta Satumbar 2021? An rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni a haka. Ta ina za ka shiga?

5/ Abin haushin, Linux ta gama maka rabin aikin. Kanal, wato zuciyar manhajar, tana da direba ga kowane irin agogo: iTCO_wdt na allunan Intel, bcm2835_wdt na Raspberry Pi, da sauransu rututu. Tun fitowa ta 3.1 a 2011 aka yi musu uwa ɗaya da ke tafiyar da su bisa ƙa'ida guda.

6/ Direban zai ba ka fayil, /dev/watchdog. Da ka buɗe shi ƙirge ya fara. Duk abin da ka rubuta a ciki, ko ka aika umarnin WDIOC_KEEPALIVE, agogon ya koma farko. Da WDIOC_SETTIMEOUT kake yanka masa wa'adi. Na Raspberry Pi, iyakar ƙarfen kansa wajen daƙiƙa 15 ne.

7/ In kana son wa'adin da ya fi ƙarfin ƙarfen, kanal ce ke ciyar da shi a tsakani har naka wa'adin ya cika, sannan ta janye hannu. Haka in tun wajen tashi an riga an kunna agogon, ita ke riƙe shi har manhajarka ta zo ta karɓa. Duk an tanada. Uzurinka mene ne?

8/ Akwai wata hikima kuma. Rufe fayil ɗin bai isa kashe karen ba, sai ka rubuta harafin V kafin ka rufe. Manhajar da ta mutu ba shiri ba za ta samu damar rubuta V ba, don haka ƙirge ya ci gaba. In kuwa ka kunna nowayout, ko V ɗin ba ya aiki. Na ƙauye, nowayout ya dace da shi.

9/ Yanzu laifi na farko: masu kashe shi ɗungurungum. "Yana damuna da sake tashi lokacin gwaji." To a ɗakin gwaji ka kashe, wa ya hana? Amma ka loda kaya a mota a haka? Kamar ka ɗauki mai gadi ne ka kulle shi a ɗaki don tarinsa na hana ka barci.

10/ A 1994 Amurka ta harba kumbon Clementine. Ya gama ɗaukar hotunan wata, a watan Mayu kwamfutarsa ta rikice, ya ƙone man da zai kai shi zango na gaba. Agogon gadi na nan cikin ƙarfen, manhajar ce ba ta yi amfani da shi ba. Na'urarka a Runka kusan haka take: hannu ba ya kai mata da wuri.

11/ Laifi na biyu ya fi muni, don shi yaudara ne. Mutum ya rubuta ɗan layi mai juyawa, aikinsa kawai ya ciyar da kare duk daƙiƙa biyar, ko kyamara na ɗauka ko ta mutu tun jiya. Kare ya ƙoshi ya kwanta, ɓarawo na kwasa. A takarda kuma an rubuta akwai watchdog.

12/ Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shari'ar Toyota a Oklahoma a 2013, masanin manhaja Michael Barr ya shaida wa kotu cewa ana ciyar da karen gadin kwamfutar injin ta hanyar da ko muhimmin aiki ya mutu, karen ba zai sani ba. In babban kamfani zai sha wannan tuhumar, kai wane ne?

13/ Gyaran ba wuya. Ka ɗaura ciyarwar a kan aikin gaske: hoto ya shigo? An karanta ma'aunin batir? A systemd ka sa WatchdogSec ga manhajarka, ita da kanta ta riƙa shaida tana raye. Ka sa RuntimeWatchdogSec, systemd ta riƙa ciyar da ƙarfen. Sarƙa ce, ko'ina ta tsinke a farga.

14/ Laifi na uku: masu dogaro da softdog alhali allon na da agogon ƙarfe. Softdog cikin kanal yake zaune. In kanal ɗin ta sandare gaba ɗaya, tare za su tafi. Ka taɓa ganin mai gadin da ya ceci gida bayan ginin ya rufta da shi?

15/ Na san hujjarku: sake tashi ba shiri na lalata katin memori, kuma na'ura na iya shiga tashi-faɗi ba iyaka. Gaskiya ne. Amma maganin ciwon kai ba sare kai ba ne. Ka mayar da tushen fayiloli na karantawa kaɗai. Ka tabbata famfo na tashi a kashe, har manhaja ta duba komai.

16/ Kuma karen ba ya gyara kuskuren manhajarka, lokaci yake sama maka. Inda direban ya iya, ka tambaye shi da WDIOC_GETBOOTSTATUS ko shi ya tayar da na'urar, ka adana lissafi. In ka tarar sau goma a mako, zafin rana ne, ko wuta, ko rubutunka. Je ka nemo.

17/ Shugabannin ƙananan hukumomi, kwamitocin unguwa, ƙungiyoyin da ke biyan kuɗin nan: kafin ku sa hannu, ku ce ɗan kwangila ya daskarar da kanal da gangan a gabanku, ya ɗauke hannunsa. In na'urar ta dawo aiki da kanta, ku biya shi. In ta yi shiru, ya kwashe kayansa.

18/ Mutanen Batsari da Safana sun sha isasshen jira: jiran sabis, jiran hanya ta lafa, jiran a koma gona. Kada ku ƙara musu jiran injiniya kan abin da layi biyu a fayil ɗin saiti zai magance. A tura wa duk wanda kuka san yana wannan sana'ar.