Ungulu Ba Ta Jiran Titin Jirgi: Kuskuren da Ake Yi wa Sabbin Matuƙan Arewa

A Indabo ta ƙaramar hukumar Wudil, kamar a sauran garuruwan ƙasar Kano, kalmar "matuƙin jirgi" hoto ɗaya take kawowa a zuciya: ƙaton jirgin alhazai a filin Malam Aminu Kano, da mutum cikin farar riga mai ratsin zinare a kafaɗa. Hoton yana da asali. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a watan Nuwamban 1925, kuma tun daga shekarun 1980 jiragen Kabo Air suka saba wa mutanen karkara da cewa ɗan Arewa ma yana iya mallakar jirgi. Don haka idan ɗan gari ya karɓi lasisin tuƙi ya tsaya yana nazari tsakanin jirgin fasinja da jirgi mai saukar ungulu, dangi da abokai bakinsu ɗaya ne: ya nufi jirgin fasinja, shi wancan na sojoji ne da 'yan siyasa a lokacin yaƙin neman zaɓe.

Wannan shawara gurguwa ce. An gina ta a kan alfarma maimakon lissafi, kuma da gonaki da shanu ake biyan kuɗinta.

Hangen Dala ba shiga birni ba

Abu na farko da masu ba da shawarar ba su sani ba shi ne iyakar lasisin kansa. Bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda hukumar NCAA ta Nijeriya ke bi, ana iya samun lasisin tuƙin haya na jirgi mai fukafukai da awa 200 a sama, ko ƙasa da haka a makarantar da aka amince da tsarinta. Amma lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin na jirgin fasinja yana bukatar awa 1,500. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce ramin da ke cinye matasa.

Wanda ya fito daga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko daga wata makaranta a ƙetare, ƙananan jirage ya koya. Kafin ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi a Boeing 737 ko Embraer sai ya sami shaidar ƙwarewa a kan wannan nau'in jirgi takamaimai. Horon yana cin dubban daloli, a daidai lokacin da naira ta faɗi warwas tun daga tsakiyar 2023. Shaidar kuma ba ta ajiyuwa kamar takardar digiri: idan mutum bai tuƙa ba, wa'adinta yana ƙarewa. Haka gwajin lafiyarsa, haka izininsa na tuƙi da na'urori, duk sai an riƙa sabunta su, kuma kowace sabuntawa kuɗi ce. Matuƙin da ke zaune a gida, ilminsa da takardunsa tare suke tsufa.

A nan ne iyali ke shiga tarko. Uba ya kai shanu Kara ranar Juma'ar Wudil, kawu ya jinginar da fadama, a haɗa kuɗin shaidar Boeing 737 alhali babu kamfanin da ya rubuta wa yaron takardar ɗaukar aiki. Sayen kifi a ruwa ke nan. Idan shekara ta zagayo ba a kira shi ba, ga shaida ta mutu, ga shanu sun tafi.

Darasin matasa ɗari

Kano ta riga ta gwada wannan hanya da kuɗin jama'a. A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 zuwa makarantar Mideast Aviation Academy da ke ƙasar Jodan domin koyon tuƙin jirgi. Niyyar kyakkyawa ce, kuma 'ya'yan talakawa da ba su taɓa mafarkin hawa jirgi ba sun dawo da lasisi a hannu. Sai dai da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru ba su kusanci ɗakin tuƙi ba, saboda abin da aka bayyana a sama: lasisi yana nan, shaidar nau'in jirgi babu, awowi ba su kai ba.

An mayar da labarin makamin siyasa, wasu na zargin wanda ya tura su, wasu na zargin waɗanda suka gaje shi. Wannan cacar baki ta binne ainihin darasin. Kasuwar jiragen fasinja ta Nijeriya ba ta da girman da za ta haɗiye sabbin matuƙa ɗari daga jiha ɗaya a lokaci ɗaya, kuma dukansu ƙofa guda aka nuna musu. Da an raba su, wasu zuwa mai saukar ungulu, wasu zuwa koyarwa, an kuma ƙulla yarjejeniya da masu ɗaukar aiki kafin a sayi tikitin tafiya, da labarin ya canja. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kamfanonin da suka zama tarihi

Masu cewa jirgin fasinja ne aiki mai tabbas, ya kamata su waiwayi tarihi. Nigeria Airways ta daina tashi a 2003, ma'aikatanta kuma suka shafe fiye da shekara goma suna bin haƙƙinsu. Okada, ADC, Sosoliso, Bellview da Air Nigeria duk sun kwanta dama. A Arewa, Chanchangi ta Kaduna da IRS da ita kanta Kabo sun bi sahu. Hukumar AMCON ta karɓe Aero Contractors a 2016, ta karɓe Arik a watan Fabrairun 2017. Nigeria Air da aka yi bikin nunawa a Abuja a watan Mayun 2023 ba ta taɓa ɗaukar fasinja ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin jirgin fasinja yana sayar da tikiti da naira, amma hayar jirgi da kayan gyara da inshora da horon matuƙa duk da dala ake biya. Duk lokacin da naira ta zame, ribar ta narke. Gaskiya ne Max Air da Rano Air da Air Peace suna tashi, suna kuma ɗaukar matuƙa. Amma matashin da zai jingina rayuwarsa ta shekara arba'in a kan wannan fage ya cancanci a gaya masa cewa kamfanin da ya ɗauke shi yana iya riga shi yin ritaya.

Hanyar da aka raina

Jirgi mai saukar ungulu kasuwarsa daban ce, domin mai biyan kuɗinsa daban ne. Rijiyoyin mai da ke cikin teku ba su da titin sauka, kuma dole a kai ma'aikata a dawo da su kowane mako. Bristow da Caverton da OAS suna wannan jigila daga Legas da Fatakwal da Warri, bisa kwangiloli na shekaru da kamfanonin mai, waɗanda kuɗin shigarsu na waje ne. Dokar 2010 da ta tilasta fifita 'yan ƙasa a harkar mai da gas ta ƙara matsa wa waɗannan kamfanoni su horar da 'yan Nijeriya su maye gurbin baƙi. Bristow ta daɗe tana ɗaukar matasa ta biya musu horo har zuwa Amurka, Caverton kuma ta kafa cibiyar horo a Legas mai na'urar kwaikwayon tuƙin AW139. Lasisin ƙoli na wannan fanni awa 1,000 yake bukata, ba 1,500 ba.

Tambayar da ta kamata ta dami masu ilmin Arewa ita ce: sau nawa sanarwar irin waɗannan guraben ta taɓa isa kunnen ɗalibin kimiyya a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, balle ɗan sakandare a Indabo? Ba a hana kowa nema ba. Mu ne muka yanke wa kanmu hukuncin cewa aikin ba namu ba ne.

Abin takaicin kuwa, babu yankin da ya fi Arewa bukatar wannan jirgi. Shekaru da dama jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya masu saukar ungulu ne ke kai ma'aikatan jinya da magani daga Maiduguri zuwa Rann da Dikwa da Monguno da Damasak, wuraren da hanyar mota ta zama kasada. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, babu Boeing da zai iya sauka a unguwar da ta nutse. Matar da naƙuda ta zo mata da gardama a ƙauyen da gada ta karye, ba jirgin alhazai take bukata ba. Duk da haka, a 2023 aka sayar da jirage biyu kirar Bell 206 mallakar kwalejin Zariya, lamarin da ya kai ga binciken Majalisar Wakilai, yayin da sananniyar makarantar koyon tuƙin mai saukar ungulu ta ƙasar nan take Inugu.

Hujjojin masu ja

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji uku, kuma babu wadda za a yi watsi da ita.

Ta farko, haɗari. A watan Agustan 2015 jirgin Bristow ya faɗa ruwa a Legas, mutum shida suka rasu. Ranar 24 ga Oktoban 2024 wani kirar Sikorsky na kamfanin East Wind ya faɗa teku kusa da Bonny ɗauke da mutum takwas, ba wanda ya tsira. Tashi ƙasa-ƙasa da sauka a kan dandamali a tsakiyar teku ya fi tashi daga Kano zuwa Abuja wuya, kuma dole a faɗa wa uwa wannan gaskiya. Amma fannin ne kuma ya fitar da Kyaftin Abimbola Jayeola, wadda a watan Fabrairun 2016 ta saukar da jirginta a kan Tekun Atlantika, mutum 11 da ke ciki duk suka tsira. Haɗari dalili ne na neman horo mai inganci da kamfani mai kula da gyara.

Ta biyu, dogaro da mai. Farashin gangar mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kwangiloli suka ragu, har uwar kamfanin Bristow a Amurka ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a 2019. Wannan gaskiya ce. Sai dai a 2020, da annobar korona ta rufe filayen jiragen sama, matuƙan jiragen fasinja ne suka zauna a gida a faɗin duniya. Kowace sana'a da irin farinta.

Ta uku, ƙololuwar albashi. Kyaftin ɗin babban jirgi da ya sami shiga Emirates ko Qatar Airways yana samun abin da matuƙin mai saukar ungulu ba kasafai yake kaiwa ba. Haka ne. Amma ƙololuwa tana amfanar wanda ya sami matakin farko ne. Kwatanta albashin kyaftin a Dubai da na mataimaki a Fatakwal yaudarar kai ce. Kwatancin gaskiya shi ne tsakanin mai tara awowi a Fatakwal da mai lasisin da ke zaman jira a ƙofar gida.

Akwai kuma gargaɗin da adalci ya wajabta. Lasisin jirgi mai fukafukai ba ya zama na mai saukar ungulu kai tsaye, sai an ƙara horo da jarrabawa, kuma awa ɗaya a mai saukar ungulu ta fi awa ɗaya a ƙaramin jirgi tsada. Awowin ɓangare ɗaya, wani kaso kawai ake lissafawa a ɗaya ɓangaren. Sauya sheƙa bayan shekara goma asara ce babba. Wannan ma hujja ce ta yin lissafin tun farko.

Ma'aunin da ya dace

Ba ana cewa kowane sabon matuƙi ya koma mai saukar ungulu ba ne. Ana cewa ne ya auna hanyoyin biyu da tambayoyi uku. Daga ina awa dubu ta farko za ta fito? Wa zai biya kuɗin shaidar nau'in jirgi, kuma shekara nawa zai ɗaure shi a kai? Da wane kuɗi mai ɗaukar aikin yake samun abin da zai biya albashi? Hanyar da ta amsa waɗannan a rubuce ita ce hanya, ko da ba ta da farar riga mai burge 'yan biki. Idan kamfanin jirgin fasinja ne ya amsa, ya tafi da albarka. Idan babu wanda ya amsa, kada a taɓa ko ɗan maraƙi.

Gwamnatocin jihohi kuwa su daina ƙirga matuƙa da yawan hotunan bikin yaye ɗalibai. Kada a sake tura yaro ko ɗaya koyon tuƙi sai an kasafta kuɗin har zuwa shaidar nau'in jirgi, an kuma sa hannu da kamfanin da zai ɗauke shi. A ware kaso bayyananne na guraben ga mai saukar ungulu, sannan 'yan majalisar Arewa su tambayi ma'aikatar sufurin jiragen sama ranar da Zariya za ta riƙa yaye irin waɗannan matuƙa a kai a kai. Masu ilmi, waɗanda iyalai ke zuwa wurinsu neman shawara kafin a sayar da gona, su ne suka fi kowa alhaki: wanda bai san bambancin awa 200 da awa 1,500 ba, ya binciko kafin ya ce wa ɗan wani ga hanya.