Sharhi: Halayen da Za Mu Nema a Wurin Mai Neman Mulki

Sharhinmu na yau ya duba irin halayen da suka kamata shugaban siyasa ya mallaka.

Duk lokacin da kakar zaɓe ta gabato, abin da ke cika mana ido shi ne jerin gwanon motoci da fastoci, da rabon taliya da turamen atamfa. Da wuya ka ji an tsaya an tambayi halin ɗan takara, alhali kuwa da halinsa zai yi mulki. Shugabanci amana ne, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna mana yadda masu riƙon amana suke.

Hali na farko shi ne hangen nesa. Marigayi Audu Baƙo ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya galabaita ƙasashen Sahel. Ya san cewa jihar da ta dogara da damina kaɗai tana cikin haɗari, don haka ya tanadi ruwa. Yau, bayan shekara hamsin, ruwan Tiga ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da alkamar da ake nomawa a can da tumatirin da ake lodi a kasuwar Kwanar Gafan duk albarkacin wannan tunani ne. Haka Sardauna Ahmadu Bello ya kafa jami'a a Zariya a 1962, lokacin da masu digiri a Arewa ba su da yawa. Shugaba na gari yana yin aikin da jikoki za su mora, ko da bai kawo masa ƙuri'a gobe ba.

Hali na biyu shi ne tsabtar hannu. Malam Aminu Kano ya jagoranci jam'iyyar NEPU, ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin tarayya zamanin Janar Gowon, daga baya ya jagoranci jam'iyyar PRP. Da ya rasu a 1983, ba tarin gidaje ko kamfanoni ya bari ba. Gidansa na Gwammaja, wato Mambayya, yana nan kowa zai iya zuwa ya gani. Saboda talakawa sun san ba ya cin haƙƙinsu, sun bi shi duk da ɗauri da dukan da suka sha. Kuma da jam'iyyarsa ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, kamar yadda aka daɗe ana yi wa talaka alkawari.

Hali na uku, wanda ya fi wuya, shi ne karɓar gaskiya ko da ta shafi kanka. A ranar 29 ga Mayu, 2007, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsaya a gaban duniya yana karɓar rantsuwar shugabancin ƙasa, ya amince cewa zaɓen da ya kawo shi mulki yana da kurakurai. Bai tsaya a baki ba. Ya kafa kwamitin gyaran harkar zaɓe a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Ya kuma wallafa takardar kadarorinsa kowa ya karanta, abin da babu shugaban Nijeriya da ya yi kafin shi. A 2009, sa'ad da rikicin Neja Delta ya durƙusar da haƙar man fetur, ya saurari koken mutanen yankin, ya yi wa tsageru afuwa bisa sharaɗin su ajiye makamai, ƙura ta lafa. Shugaban da ya kewaye kansa da 'yan amshin shata ba zai taɓa jin inda ke yi wa jama'a ciwo ba.

Waɗannan bayin Allah ba ma'asumai ba ne, kowannensu yana da nasa kuskuren. Amma sun tabbatar mana cewa waɗannan halaye a ƙasarmu suka tsiro, kuma muna da haƙƙin neman su a wurin duk mai son ƙuri'armu, daga kansila har shugaban ƙasa.

Saboda haka, jama'a, idan ɗan takara ya zo unguwarku, ku tambaye shi abin da ya yi da ƙaramin muƙamin da ya taɓa riƙewa. Ku binciki inda ya samo dukiyar da yake rabawa. Ku lura da yadda yake yi idan an faɗa masa gaskiya a bainar jama'a. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ƙuri'arku ma amana ce, za a tambaye ku a kanta.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci da tausayi, Ya kuma ba mu ikon zaɓensu.