Laifin ba na ƙasa ba ne

A tsohon birnin Zariya da unguwar Birni ta Damagaram, har yanzu akwai gidajen da ke tsayar da mai wucewa. Fuskar zaure cike take da zane: dagi, takobi, allo, wani wajen har da keke da jirgin sama, domin maginan tsakiyar ƙarni na 20 abin da idonsu ya gani suke ɗorawa a bango. Magini kan yaɓa ƙasa, tun tana ɗanya ya fitar da zanen da yatsu da wuƙa, sannan a bi shi da farar ƙasa ko ja ko shuɗi.

Yau da yawa daga irin waɗannan gidaje sun zube, mutane kuma suna cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko. Wannan rashin adalci ne.

Magabata ba su bar bango tsirara ba. Suna da makuba, wadda ake samu idan an jiƙa ɓawon ɗorawa, ana shafa ta a bango da daɓe. Suna da laso, wanda ya fi ta ƙarfi: katsi daga karofi, gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi, a kwaɓa a shafe rufin soro da bangon gabas, inda ruwan damina ya fi duka. Bayan 'yan shekaru sai a sabunta. Ashe ke nan sana'ar magini ta jingina da ta marina da majema, kuma da karofi ya fara mutuwa, katsi ya yi wuya.

Sai siminti ya shigo, kuma nan ne ɓarnar ta fi ciwo. Siminti ba ya kama jikin ƙasa. Da ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, tubali ya jiƙe, wata rana shafen ya ɓamɓare ya tafi da zanen gaba ɗaya. Mai gida ya kashe kuɗi don ya tsare bangonsa, ya ƙare da rushe shi.

Abin takaici, dagi na nan a huluna da tambarin ƙungiyoyi, amma jikokin Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ba safai ake kiransu aiki ba.

A Nijar an nuna cewa gyara na yiwuwa. Masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuwa, da aka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu a 2018, maginan gargajiya aka kira suka gyara shi. Jihohin Kano da Kaduna da Katsina suna da kwalejojin fasaha. Ya kamata jihohin su ɗauki dattawan magina su koyar da haɗa laso da fitar da zane, su kuma hana shafa siminti a kan tsofaffin gine-ginen da ke hannunsu.