Hisabin Katsina Ba Ya Yi Wa Manomin Zugu Hukunci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon alfarma ka ba ni fili in yi magana a kan sha'anin damina, daga nan Onklou, ƙauyen da ke bisa hanyar Paraku zuwa Zugu, wato Djougou, a jihar Donga ta arewacin Jamhuriyar Benin.

Duk lokacin da aka yi bayanin noma da harshenmu, ko a jarida ko a rediyo, sai in ga an auna kowa da mudun Katsina da Maraɗi, inda ruwan shekara ba ya cika wuce milimita 500 zuwa 600, shuka ba ta kankama sai watan Yuni, kuma gero ne sarkin gona. Alhali kuwa mu da kakanninmu fatake suka yada zango a Zugu tun zamanin da ayari ke ratsawa daga Kano zuwa Gwanja neman goro, muna zaune ne a ƙasar da ke samun wajen milimita 1,200, wadda hadarinta ke fara haɗuwa tun Afrilu, ba ya kuma watsewa sai Oktoba. Malamanmu na zaure, Allah ya saka musu da alheri, har yanzu suna lissafa manzilolin nan 28 na taurari, kowane da kwana 13, suna cewa Haƙa'a ta shiga, Zira'a ta kama. Ilmi ne mai daraja, ban kuwa raina shi ba. Sai dai hukuncin shuka da aka rataya masa an gina shi ne bisa tajribar mutanen arewa, kuma wanda ya jira shi a nan, zai tarar maƙwabcinsa Bayome, ɗan asalin wannan ƙasa, ya riga ya yi noman fari.

Dubi doya, wadda ita ce ginshiƙin abincin wannan ƙasa. Tun damina tana bankwana, ƙasa na da sauran laima, ake tayar da tuddanta; a binne iri cikin rani, a ɗora wa kowane tudu hular ciyawa don kada zafin rana ya dafa shi, ya kwanta yana jiran ruwan fari, har Allah ya kai mu Agusta sabuwar doya ta shigo kasuwa. Ashe ke nan lokacin da manomin Daura ya jingine fartanya ya tafi cin rani, a lokacin ne namu ke tsakiyar aiki, balle ga tsintar 'ya'yan kashu daga Fabrairu, sannan mata su shiga daji tsintar kaɗanya da faɗuwar ruwa.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne musabbabin wannan wasiƙa, shi ne yadda farkon damina ya daina cika alkawari. Dattawa sun haɗu a kan cewa tun farin 1973 da na 1984 al'amari bai koma yadda suka san shi ba. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin Afrilu, mutane su yi murna su zuba masara, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, talaka ya koma neman iri bashi a sa'ad da rumbu ya riga ya yi ƙasa. Wata shekarar kuma ruwan ya taru ya sauko gaba ɗaya a ƙarshe, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010 da ta game yawancin ƙasar Benin. Jimillar ruwan shekara tana iya cika cif a littafin ma'aikata, manomi kuwa ya tashi a tutar babu, domin rabon ruwan bisa kwanaki shi ne abin lura.

Ga shi kuwa ilmin yana nan. Cibiyar Agrhymet da aka kafa a Yamai a 1974 tana fitar da hasashen damina kowace shekara tare da hukumomin yanayi na ƙasashenmu, kuma masana sun daɗe da kafa ma'aunan ruwa a kwarin kogin Weme, nan kusa da mu. Amma bayanin yana fitowa da Faransanci, ya tsaya a ofis, bai isa ga mai riƙe da fartanya ba. Tawakkali wajibi ne, amma shari'a ba ta hana riƙon sababi ba.

Don haka nake roƙo, idan za ku buga hasashen damina mai zuwa, ku ware wa Zugu da Paraku nasu sashe da Hausa, ku fito da shi tun watan Maris, kafin a buɗe buhun iri.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani manomi, Onklou.