Ma'aunin Hankali da Masifar Satar Amsa a Jarrabawa

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Annabinsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yau za mu haɗa abu biyu a filinmu: horon hankali ga ɗalibai masu shirin jarrabawar gasa, da gargaɗi a kan satar amsa.

Duk wanda ya zauna jarrabawar shiga sakandare ta Gwamnatin Tarayya, ko ta neman aiki, ya san akwai sashen da ba hadda ake nema a cikinsa ba. Sai a ba ka 'yan bayanai, a ce ka ciro hukuncin da ya wajaba daga cikinsu. Waɗansu ɗalibai na zaton wannan fanni da boko ya zo, alhali kuwa malamanmu sun daɗe da saninsa da sunan ilmin mandiƙi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, ya wallafa littafi a kansa mai suna Mi'iyarul Ilmi. Shehu Abdurrahman Ahalari, wanda almajirai ke fara fiƙihu da littafinsa a makarantun zaure, shi ne kuma mai Sullam, littafin da ake fara mandiƙi da shi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare wannan ilmi sa'ad da Imamu Suyuɗi ya hana karanta shi. Saɓanin malamai ke nan, amma babu mai musun cewa auna magana kafin yanke hukunci wajibi ne.

To, ga misali na farko. Za mu ari sunayen da malaman nahawu suka saba buga misali da su. An tsinci wata 'yar takarda cike da amsoshi a ƙasa, tsakanin ɗalibai huɗu, kuma ta ɗayansu ce. Zaidu ya ce Amru ne ya shigo da ita. Amru ya ce Halidu ne. Bakru ya ce shi dai ba tasa ba ce. Halidu ya ce Amru ƙarya yake yi masa. An kuma shaida mana cewa mutum ɗaya tak ne ya faɗi gaskiya. Takardar ta wa ce?

Kada ɗalibi ya fara da cinke. Abin da zai fara nema shi ne maganganu biyu masu warware juna, waɗanda ba sa haɗuwa a kan gaskiya, ba sa kuma haɗuwa a kan ƙarya. Maganar Amru da ta Halidu haka suke: in Halidu ne ya shigo da takardar, Amru ya yi gaskiya, in kuwa ba shi ba ne, Halidu ya yi gaskiya. Ashe ke nan mai gaskiyar nan guda ɗaya yana tsakanin su biyu. Tun da haka ne, Zaidu da Bakru duk ƙarya suka yi. Bakru kuwa cewa ya yi ba tasa ba ce, saboda haka tasa ce. Sai a koma a gwada: in Bakru ne, maganar Zaidu ƙarya, ta Amru ƙarya, ta Bakru ƙarya, ta Halidu kaɗai gaskiya. Lissafi ya fita.

Yanzu a sake sharaɗi ɗaya. A ce mutum ɗaya tak ne ya yi ƙarya, sauran ukun gaskiya suka faɗa. Maƙaryacin nan yana tsakanin Amru da Halidu, don haka maganar Zaidu da ta Bakru gaskiya ce, Zaidu kuwa Amru ya nuna. Ga shi mutanen ba su sake ba, maganganunsu ba su sake ba, amma Bakru ya kuɓuta, laifi ya koma kan Amru. Wannan shi ne babban darasin mandiƙi, watau natija tana rataye ne da muƙaddima. A takardar jarrabawa mai tambaya ne ke ba ka muƙaddima. A ɗakin jarrabawa kuwa babu mai gaya wa malami adadin masu gaskiya, don haka bai halatta ya hukunta yaro da zato ba. A shari'a asalin mutum kuɓutacce ne, kuma mai tuhuma ne ke kawo hujja.

Misali na biyu ya shafi wani kuskure da malamai masu duba takardu kan faɗa ciki. Sai mutum ya ce: duk wanda ya kwafa, amsarsa takan zo daidai da ta maƙwabcinsa; amsar Zaidu ta zo daidai da ta Amru; saboda haka Zaidu ya kwafa. Wannan ƙiyasi ɓatacce ne. Kamar a ce duk raƙumi dabba ne, wannan dabba ce, saboda haka raƙumi ne. Ɗalibai biyu da suka fahimci darasi dole amsarsu ta dace, zama amsa daidai guda ɗaya ce. Abin da ke zama ƙarina mai ƙarfi shi ne dacewa a kan kuskure, musamman baƙon kuskure a wuri ɗaya, domin hanyoyin kuskure suna da yawa. Ko a nan ma ba a san wanda ya kwafa daga wani ba sai an duba mazauninsu. Irin wannan lura muka gani a Suratu Yusufa, inda mai shaida ya dogara ga wurin da riga ta tsage: tsagar gaba alamar wanda ake turewa ce, tsagar baya kuwa alamar mai gudu ce wanda aka fizgo.

Sa'an nan mu ɗora hujjar mai satar amsa a kan wannan ma'auni. Yakan ce kowa yana yi. To, ina muƙaddimar da ta ce abin da kowa ke yi ya halatta? Babu ita a Littafi, babu ita a Sunna. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, an rufe shi da busasshe. Ya tsawata wa mutumin, ya kuma nuna cewa algus ba ɗabi'ar mabiyansa ba ce. Mai satar amsa ma busasshen hatsi ya ɗora a sama, jahilci na jiƙe a ƙasa. Ku duba ma sunan da muke kiran abin da ake ba wanda ya ci jarrabawa, watau takardar shaida. Hukuma ce ke shaida wa jama'a cewa wane ya san abu kaza. Wanda ya same ta ta hanyar ha'inci ya jawo an yi shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai.

A jarrabawar gasa abin ya fi muni, domin gurabe ƙidayayyu ne. In guraben 100 ne, mai ha'inci ya shiga, to lalle wani da ya kwana yana karatu ya fita. Wannan haƙƙin ɗan Adam ne, ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Bayan haka ga marar lafiyar da zai faɗa hannun wanda bai san magani ba, ga yaran da za su zauna gaban malamin da bai iya darasinsa ba.

Hukuma ta daɗe tana yaƙi da wannan cuta. An kafa WAEC a 1952, JAMB a 1978, NECO kuma a 1999. A 1977 tambayoyin WAEC suka fita kafin ranar jarrabawa, har aka kafa kwamitin bincike. Dokar soja ta 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21, sa'an nan aka yi doka ta musamman a kan maguɗin jarrabawa a 1999. Daga 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta. Duk da haka cutar ba ta mutu ba, domin doka tana tsare ƙofar ɗaki ne kurum. Uban da ya biya kuɗi a rubuta wa ɗansa, da mai tsaron da ya karɓi na goro ya kau da kai, da mai makarantar da ya mai da ha'inci talla, duk suna da kaso a cikin zunubin. Wanda ya riga ya afka kuwa, ƙofar tuba a buɗe take: ya yi nadama, ya daina, ya koma ya nemi ilmin da takardarsa ke da'awa, ya kuma tambayi malami masani game da haƙƙin da ke wuyansa.

Ga aikin gida. Zaidu da Amru da Bakru suna zaune a layi ɗaya, wani bayan wani, kowa ba ya iya ganin takarda sai ta wanda ke gabansa kai tsaye. An tabbatar cewa tsakanin Amru da Bakru ɗaya ya kwafa daga ɗaya. Zaidu ba shi ne a gaba ba, kuma Bakru ba ya maƙwabtaka da Zaidu. Wa ya kwafa? A rubuta dalili mataki mataki, kada a leƙa na wani. Za mu kawo amsa mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu da 'ya'yanmu daga cin haram. Wassalam.