Filin Mata: Hoton Hanta Da Tiyon Da Ke Bin Jijiya

Makon jiya ba ku ji ni ba, domin na tafi Shinaka, can ƙasar Goronyo, gaisuwar mutuwa. Mijin ɗiyar wana ne Allah ya yi wa cikawa. Manomin albasa ne da shinkafa, ƙaƙƙarfan mutum, bai cika shekara 40 ba. Ya bar mata biyu da 'ya'ya shida, amaryar kuma ga tsohon ciki. Allah ya jiƙansa.

Ciwon ya soma ne da nauyi a gefen ciki na dama, ƙarƙashin haƙarƙari, da ƙin abinci. Da idanunsa suka yi ɗorawa aka ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Da ciki ya kumbura, jiki kuwa ya na ta ramewa, aka ce sammu ne. Sai da aka ci wata huɗu a haka kafin a sa shi mota a bi hanyar Acida zuwa birni. Likita ya ɗauki hoton cikinsa, ya ce ciwon daji ne a hanta, ya kuwa riga ya ci ta. Bai ƙara kwana 20 ba.

Da dare, bayan 'yan gaisuwa sun watse, ɗiyar nan ta matso kusa da ni, ta ce, "Goggo, likita ya ce mani da ƙarin ya na ƙarami da akwai dabara, wai a zura tiyo ta jijiya har cikin hanta. Gaskiya ne, ko dai ya faɗa ne don ya sanyaya mani rai?" Na ce mata gaskiya ne. Abin da na gaya mata daren nan shi na ke so in gaya muku yau, don na san ba gidansu kaɗai wannan ciwo ya shiga ba.

Mu fara da hoton. A 1895 wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano wani haske da ke ratsa nama, ƙashi ya tare shi. Cikin hotunan da ya fara ɗauka har da na hannun matarsa, ga ƙasusuwa, ga zoben aurenta a yatsa. Shi ne hoton ƙashi da hoton ƙirji da ku ka sani. Amma hanta tsoka ce, wannan hoto ba ya nuna cikinta sosai. Wanda ke nuna ta shi ne sikanin ɗin nan da a ke yi muku wurin awon ciki, a shafa wani abu mai santsi a mara, a goga ɗan injin, ki ga jaririnki a allo ya na motsi. Wani likitan mata a birnin Gilasgo, Ian Donald, shi da abokan aikinsa su ka bayyana amfaninsa a 1958. Sauti ne da kunne ba ya ji a ke aikawa cikin jiki, ya dawo kamar amsa-kuwwa, injin ya mai da shi hoto. Ba zafi, ba allura, ba ya cutar da kowa. To, ku gaya wa mazanku wannan inji ba na masu ciki kaɗai ba ne. Na sha jin magidanta su na cewa abin mata ne, alhali ciwon dajin hanta ya fi kama maza, kamar ninki biyu ko uku, a ƙasashenmu kuwa ya kan kama su tun su na da ƙarfinsu.

In sikanin ya nuna wani ɗan ƙari, sai likita ya aike da mutum wurin babban hoto, wanda a ke kira siti-sikan, da aka fara aiki da shi a Landan a 1971. A kwantar da mutum, gado ya shige da shi cikin wani ƙaton zobe, a ɗauki hoton cikinsa yanka-yanka, kamar yadda ku ke yanka kuɓewa. A kan sa wani ruwa ta jijiya don ƙarin ya fito fili. Irin wannan sai a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Shika a Zariya. Wadda ke da ciki, ko ta ke tsammani, ta faɗa kafin a shigar da ita, don shi da hasken Rontgen ya ke aiki.

Yanzu sai zancen tiyo. Ku mutanen Shinaka da Wurno da Goronyo, masu noman rani da ruwan gulbin Rima, ba za ku sha wuyar gane wannan ba. Ku ɗauka hanta lambu ce mai magudana biyu. Babbar magudana ta na kawo jini daga hanji, ita ke ba ta wajen kashi uku cikin huɗu. Ƙaramar kuwa daga wajen zuciya ta ke, ta na ba da kashi ɗaya. Wani ikon Allah, ƙarin daji kusan duk shansa daga ƙaramar nan ne. Watau in ka datse reshen da ke shayar da fangalin da ciyawa ta cinye, ciyawa ta bushe, sauran lambu kuwa ya ci gaba da sha daga babbar.

Abin da likita ke yi ke nan. Ba a fiɗa. A yi allurar kashe zafi a matse-matsi, ko a wuyan hannu, a huda jijiya da allura, a zura 'yar siririyar waya, a bi ta da tiyon da bai fi kaurin taliya ba. Wani likita a ƙasar Suwidin, Seldinger, ya ƙago wannan dabara a 1953. Likita na duban allo, ya na bin jijiya da tiyon, kwana bayan kwana, har bakin ƙarin. Nan ya zuba maganin daji a kansa kai tsaye, sa'an nan ya bi da waɗansu ƙananan ƙwayoyi su toshe hanyar. Galibi majiyyaci ya na farke, har ma a na yi masa magana. Bayan an gama ya kwanta sa'o'i kaɗan kada wurin ya yi jini. Zazzaɓi da ciwon ciki da tashin zuciya na 'yan kwanaki su kan biyo baya. Likitocin Japan ne su ka fi raya wannan aiki tun wajen 1980. In kuwa ƙarin bai wuce santimita 3 ba, kamar ƙaramin goro, a kan iya soka masa allura ta fata, sikanin na nuna hanya, a ƙone shi da zafi a inda ya ke, ko a yanke shi.

Ban ɓoye wa ɗiyata kome ba, ku ma ba zan ɓoye muku ba. Ƙonewa da yankewa su kan warkar. Tiyo kuwa yawanci tsai da ciwon ya ke yi, ya ƙara wa mutum kwanaki cikin sauƙi da yardar Allah, a kan kuma maimaita shi. Masu yinsa a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, yawancinsu a Ikko, watau Legas, kuɗinsa kuma ba na talaka ba ne. Mafi muhimmanci, sai hanta na da sauran ƙarfi. In ido ya yi ɗorawa, ciki ya tara ruwa, to datse magudana sai ya ƙarasa lambun duka. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya haɗa da asibitocin Nijeriya, ya nuna a ƙasashen Afirka da aka duba, ban da Masar, rabin masu wannan ciwo ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano shi. Zuwa a makare ya jawo haka.

To wa zai je hoto ba ya jin ciwon kome? Mai ƙwayar ciwon hanta, wadda likitoci ke kira hepatayitis B. Ita ce uwar ciwon dajin hanta a nan. Binciken gwamnati na 2018 ya nuna kamar mutum 8 cikin 100 na manyanmu na ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Ɗigon jini kaɗai a ke gwadawa. Wanda aka samu da ita, likita zai duba ko ya na bukatar ƙwayar magani ta kullum, ya kuma faɗa masa ko ya riƙa zuwa sikanin kowane wata shida. Da haka a ke kama ƙari tun ya na goro. Kada ku ware wa mai ita kwano. Ba a ɗaukarta a tuwo ko a zufa. Ta jini ta ke bi, askar wanzami guda a kan yara goma, allurar hujin kunne, reza, kwanciyar aure, da uwa zuwa jariri wurin haihuwa.

Akwai kuma laifin da ke hannunmu mu mata, sai ku yi haƙuri in faɗa. Mu kan tsince gyaɗa mai kyau mu aika kasuwa, mu bar mai fumfuna da ƙwarƙwasasshiya mu yi ƙuli da miya a gida. Fumfunar nan ta gyaɗa da masara ta na da dafin da ke cin hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. Turawa sun gane shi ne a 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100,000 su ka mutu a Ingila don cin tunkuza mai fumfuna. In ya haɗu da ƙwayar ciwon hanta a jiki guda, haɗarin ya ninka ƙwarai.

Na fata shi da sauƙi, domin ido na ganinsa ba sai da inji ba. Gyambon da ya shekara bai warke ba, ko tsohon tabon ƙuna da ya fashe, bakinsa ya yi tudu ya na wari, ya kan rikiɗa ya zama daji. Haka baƙin tabo a tafin ƙafa mai faɗaɗa, irin wanda ke iya bin jini har hanta. Ki dubi ƙafarki da ta tsohuwarki kafin ku ƙunsa lalle, don lalle na rufe shi. Zabiya kuwa rana ce abokiyar gabansu, a sa musu malafa da riga mai dogon hannu tun su na yara. Kada a yi wa irin wannan miki sakiya. Likita zai ɗebi ɗan nama a gwada, ya duba kaluluwar matse-matsi ko ta hammata da sikanin ya ga ko ciwon ya yi tafiya, sa'an nan a yanke.

Kafin in baro Shinaka mun shirya da wana, in sun fita takaba za a kai matan biyu da yaran shida a gwada jininsu. Ita amarya kuwa na kira ta gefe. Na ce, "'Yar nan, ranar da ki ka sauka, ko a ɗaki ki ka haihu, a kai jaririn asibiti a yi masa allurar ciwon hanta kafin kwana ɗaya ya cika. Kada a jira suna." Tun 2004 allurar nan ta ke cikin rigakafin yara a Nijeriya, kyauta ce. Jaririn da ya kamu wurin haihuwa, tara cikin goma za su zauna da ƙwayar har girma. Ta ce uwar mijinta ba za ta yarda a fita da ɗanyen jariri ba. Na tafi ɗakin tsohuwar da kaina, mu ka daɗe mu na magana, daga bisani ta ce ita za ta rungume shi ta kai.

Mai tambaya ta aiko da takarda ta hannun Edita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.