A BUƊE ALLON AYYUKA, TALAKA YA GANI DA IDONSA

Babu ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun, Anaca ko Fatakwal, wanda bai san wannan takaici ba. Sai a ji a rediyo cewa an ba da kwangilar hanya ko ɗakin shan magani a garinsu, a yi ta murna. Shekara ta zagayo, ya je gida hutun Salla ko Kirsimeti, ya tarar ciyawa ta cinye harsashin ginin, ɗan kwangila kuwa ko ƙurarsa. Ya tambaya, kowa ya ce bai sani ba. 'Yan'uwanmu na Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia sun sha ganin haka, kamar sauran sassan ƙasar nan.

Maganin wannan cuta ba ya wuce a riƙa auna aiki tun yana tafiya. Direbobinmu masu ɗauko citta da shanu zuwa Kudu sun san amfanin dashbod ɗin mota: kallo ɗaya za ka yi, ka san yawan man da ya rage da zafin inji da gudun da kake yi. To, irin wannan allo ne masana suka ƙirƙiro a kwamfuta domin ayyukan raya ƙasa. A fuska ɗaya yake nuna sunan aiki da wurin da yake, da ɗan kwangilar da ya karɓa, da kuɗin da aka ware da wanda aka biya, da ranar da aka yi alkawarin gamawa. Aikin da ke kan hanya ya fito da kore, wanda ya makara ya fito da ja. Da haka mai mulki zai san inda zai tura mai duba aiki, da wanda ya cancanci biya, da wanda ya cancanci kora.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Kafanchan. Tun wajen 1927 garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda hanyar Fatakwal ta rabu, wani reshe ya nufi Kaduna, wani ya nufi Jos. Ma'aikatan reluwe ba su sakin jirgi sai tashar gaba ta ba da labarin cewa hanya a buɗe take, domin kuwa sun san hasarar da zato ke jawowa.

A zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, Jihar Kaduna ta kafa shirin Eyes and Ears, wato Idanu da Kunnuwa, ƙarƙashin ofishin tsare-tsare da kasafin kuɗi. An ba jama'a dama su ɗauki hoton aiki da wayar hannu, su aika da ƙorafi, bayanan su taru a allo guda. A 2018 jihar ta shiga ƙawancen duniya na gudanar da mulki a bayyane. A 2019 aka ƙaddamar da shirin sabunta birane wanda ya haɗa Kaduna da Zariya da Kafanchan. Ƙungiyar BudgIT ma ta fito da Tracka tun 2014, domin bin sawun ayyukan mazaɓu. Ashe ke nan kayan aikin ba su gagara ba.

Sai dai fa tilas ne a faɗi gaskiya. Allo ba ya ganin komai sai abin da aka zuba masa. Idan mai duba aiki ya zauna a ofis a Kaduna ya rubuta cewa an rufa gini alhali kuwa ko katako ba a kai ba, allon zai nuna kore, ƙarya ta sami riga. Bugu da ƙari, ƙauyukan da suka fi bukatar aiki su ne waya ba ta kamawa sosai. Uwa-uba, jan launi bai da wani amfani muddin ba a hukunta wanda ya jawo shi ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jiha da Ƙaramar Hukumar Jema'a da maƙwabtanta da su yi abu uku. Na farko, a buɗe allon ga kowa, a rubuta shi da Hausa kamar yadda aka rubuta da Turanci. Na biyu, kowane wata a buga abin da ya ƙunsa a liƙa a sakatariya da kasuwa, a karanta a rediyo. Na uku, kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai mutanen wurin sun shaida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, kada ku ce nisa ya hana ku. Waya tana hannunku. Ƙungiyoyinku na gari su naɗa wakili a gida mai aiko da hoto da rahoto. Ku fara da kanku: kuɗin da kuke tarawa domin rijiyar burtsatse ko ajin makaranta, ku shimfiɗa lissafinsa a allo ɗaya, kowane mamba ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Ƙungiyar da ta tsabtace lissafinta ita ce ke da bakin tambayar gwamnati nata. Gani ya kori ji.